Wanda Ya Fi Kowa Ci

Talata, 3 ga Yuli
Daga shago

Ƙanena Injiniya,

Gaisuwa tukuna, mai yawa, ba awo. Ina fata kana lafiya a cikin duwatsun nan naku, kuma tarin da ka tafi da shi ya sake ka. Mu nan ƙalau muke, in ka cire gwiwata ta hagu da ke sanar da ni za a yi ruwa tun hadari bai haɗu ba. Gwaggo ta zo makon jiya, ta zauna ta sake warware mini yadda muka haɗu da kai, wai kakarka da kakata uba ɗaya ne uwa daban. Na ce mata ni ba ruwana da tsawon igiyar, tunda dai ta kai ni ga mai ilimin kwamfuta.

Tunda wajen haƙar ma'adinan naku waya ba ta shiga, ga ni na koma zamanin biro. Direban tankarku nan yake zuwa in duba masa taya, shi zai miƙa maka wannan, kuma shi zai dawo mini da amsa.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Kwamfutar gidan nan, wadda ka haɗa mana shekara biyu da suka wuce, ta koma tashi kamar tsoho mai ciwon baya. In na danna ta da safe sai in yi wanka, in sha shayi, in dawo in tarar tana nan tana juya ɗan zoben nan nata. Ka kuwa san abin da ke cikinta. Aikin digirin uwargidana ne, yayarka Sista. Shekara uku tana bin matan kasuwa da abin awon hawan jini, mace ɗari huɗu da goma sha biyu, kowacce da takardar tambayoyinta. Yanzu tana can asibitin da makaranta ta tura ta, sai takwas ga watan gobe za ta dawo. Ranar ashirin da bakwai za ta miƙa aikin, kuma wannan ce shekararta ta ƙarshe, sun rubuto mata cewa babu ƙari. Da za ta tafi abu ɗaya ta ce mini: kada in taɓa mata kwamfuta.

Ban taɓa ba. Kallon ƙwallo ai ba taɓawa ba ne. Na dai saka wata manhaja ta ƙwallon, da wata mai nuna farashin taya a ƙasashen waje. Da na ga ta ƙara nauyi sai maƙwabcina mai batir ya ba ni wata, wai mai share datti ce. Ita kuma ta zo da ƙannenta uku ba gayyata. Yanzu kwamfuta na buɗe ido sai su fito ɗaya bayan ɗaya suna gaishe ni, kowacce da tagarta.

Kada ka ɗauka ban san komai ba. Na san ɗakin nan da ake danna maɓallai uku a shiga, Tas Manaja, inda ake ganin masu aiki a bayan fage. Bara ma na taɓa shiga na yi 'yar shara, ta yi sauri har Sista ta yaba. Amma yanzu sunayen sun yi yawa, kamar 'yan kamasho a bakin tasha, kowa hannunsa a aljihunka ba ka san wanda ya kawo fasinja ba. Akwai kuma wani ɗan sauti da take yi daga ciki, ƙas, ƙas, kamar gara a katako. Wannan ina jin tsufa ne kawai.

Masu gyaran layinmu ba zan kai musu ba. Ɗan kasuwa ne ni, na san abin da ake yi wa kaya in mai shi ya juya baya. Ban da haka, matar babbansu tare suke aiki da Sista. Kafin in iso gida labari ya riga ni.

Ka rubuto mini wa zan kora, wa zan bari. So nake ta dawo ta tarar da abinta yadda ta bari, har ma ya fi.

Yayanka,
Mai Taya

*

Lahadi, 8 ga Yuli

Yaya,

Na karɓi wasiƙarka a hannun direba, na ji daɗin ganin rubutunka duk da sai na karkata kai nake karanta shi. Tari ya tafi. Aiki ne dai ba hutu. A riƙa ɗumama gwiwar nan, a kuma gaishe mini da Gwaggo, a ce mata igiya ta yi amfani.

Jinkirin bai dame ni kamar ƙas-ƙas ɗin ba. Wannan faifan ajiya ne, inda komai yake kwance, kuma in ya fara irin wannan kukan to ya fara gajiya. Saboda haka kafin komai ka sayi filash sabo, ka kwafe jakar da ke da sunan Sista gaba ɗayanta. Ko zai ɗauki yini guda ka ƙyale shi ya gama. Ka kuma rage kashewa da kunnawa. Ban tsorata sosai ba, don tun ranar da na haɗa kwamfutar na yi wa aikinta wani tanadi, amma biyu sun fi ɗaya.

In ka gama kwafa, sai shara. A Tas Manaja akwai jeri biyu da mutane ke haɗawa. Na farko masu aiki ne a wannan lokacin. In ka kori ɗaya daga nan, gobe da safe zai dawo bakin aikinsa kamar ba a yi ba. Na biyun shi ne shafin masu tashi tare da kwamfuta. Wanda ka kashe a nan ba zai ƙara tashi da kansa ba sai an kira shi. A gefen kowane suna za ka ga an rubuta nauyinsa wajen tashi, kaɗan ko matsakaici ko mai yawa.

A wannan shafin na biyu ka kashe ta ƙwallo, da ta farashi, da mai sharar da ƙannenta uku. Mai sharar ma daga baya ka cire ta ɗungurungum, irinsu su ne dattin. Kashewa ba gogewa ba ce, ƙwallonka na nan, ran da kake so ka buɗe da hannunka. Amma duk wanda ba kai ka saka shi ba, kada hannunka ya je kansa. Akwai mai gadi a ciki, akwai na sauti, akwai na firinta, sunayensu ba su da daɗin ji amma da aikinsu suke.

Ka bi a hankali, Yaya. Kwamfuta ba taya ba ce, ba a buga ta da guduma a ji lafiyarta.

Ƙanenka,
Injiniya

*

Juma'a, 13 ga Yuli

Injiniya,

Muna lafiya, ina fata kai ma haka. Gwiwa da sauƙi. Gwaggo na amsawa.

Layin nan naka na taya da guduma sau uku na karanta shi. Na dai tuna lokacin da ka zo garin nan neman makaranta da jaka ɗaya, a bayan shagon tayar nan ka zauna wata biyu, kuma ban ji ka raina warin roba ba a lokacin. Amma bar wannan, yaro in ya yi karatu dole ya ɗan motsa kafaɗa.

Filash na saya, mai kyau, ban yarda an ba ni jabu ba. Jiya Alhamis na bar shago da wuri na zauna. Na ja jakar Sista na jefa a ciki kamar yadda ka ce. Sai ta rubuto mini wai saura awa goma sha ɗaya. Na zauna ina kallon koren layin nan, minti ashirin bai matsa faɗin farce ba. Sai na yi tunani irin na wanda ya san lodi. Ba a loda wa mota kaya alhali 'yan kamasho sun tare hanya. A share hanya tukuna, kaya su wuce a minti goma. Kuma kai da hannunka ka rubuta cewa akwai tanadi. Sai na tsayar da kwafar.

Sharar kuma ban yi ta da ka ba. Yadda nake gano tayar da ke sace iska haka na yi, ɗaya bayan ɗaya, a tsoma a ruwa a ga mai kumfa. In ka kore su gaba ɗaya ta yaya za ka san ɓarawon? Na kashe ta ƙwallo, na kashe kwamfuta, na kunna, na duba agogo: minti goma sha huɗu. Na kashe ta farashi, na sake: goma sha uku. Mai shara: goma sha ɗaya. Na ce yauwa, ga uwar ɓarayin. Ƙannen nata kowacce sai da na gwada ta ita kaɗai, ɗaya ma sau biyu don ban yarda da agogon ba. Duk na rubuta a bayan kwalin filash, in ka zo za ka gani, aiki ne mai tsari.

A karo na takwas ne ta ƙi tashi. Allon ya yi baƙi, sai wani ɗan rubutun Turanci fari a can sama, ma'anarsa wai ba ta ga inda za ta tashi ba. Ina ne ba ta gani ba, alhali a kan teburin da take kullum take? Na kashe na kunna, haka. Na cire waya daga bango na bar ta ta huce, haka. Ƙas-ƙas ɗin ma ya canza, yanzu sau biyu take yi sai shiru. Maɓallan nan uku na danna su har yatsana ya yi zafi, Tas Manaja bai fito ba.

Na san ƙaramin abu ne a wurinku. Ka faɗa mini wanda na kashe da bai kamata ba, da kuma ta inda ake shiga a mayar da shi tunda ƙofar ta rufe. Filash ɗin na duba a kwamfutar mai batir, hotunan wani taro ne kawai suka shiga, rubutu bai kai ga shiga ba. Sannan wannan tanadin naka, ka yi mini bayaninsa dalla-dalla. Ba don ina tsoro ba. Don in sani.

Yayanka

*

Talata, 24 ga Yuli

Ƙanena,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki akwai ta. Abinci ne ba ya wucewa sosai.

Yau kwana goma sha ɗaya ba amsa, direba ma ban ga ƙeyarsa ba. Wannan ta hannun mai kai muku gas nake aikowa, ya ce zai gwada. In maganar zaman shago ce ta ɓata maka rai, na janye ta, na haɗiye. Bakin kasuwa ne, ka san shi, yana riga kai fita. Kai ma ka san ban taɓa yi maka gori ba sai ranar nan. Kada ka hukunta Sista da laifin bakina.

Na sauke girman kai na kai ta gyara. Ba layinmu ba, can wata unguwa na tsallaka inda ba a san ni ba, a cikin kwalin fanka. Mai gyaran ya buɗe, ya ciro faifan, ya haɗa da tasa kwamfutar, ya kara kunne. Ya ce, "Maigida, wannan ai ya riga mu gidan gaskiya." Na ce a tashe shi. Ya ce shi gyara ya koya, ba tayar da matattu ba. Ya tambaye ni ko da ya fara kuka an yi ta kashewa ana kunnawa. Na ce wataƙila yaran gida. Ka san kuwa yaran gidan duk sun yi aure.

Jiya Sista ta kira. Ta ce, "Ka leƙa mini kwamfuta kuwa? Ka rufe ta da zane saboda danshi?" Na ce a rufe take ruf. Gaskiya na faɗa, zanen na kan tebur. Ta ce har ta ƙosa ta dawo, babi na biyar kawai za ta ɗan shafa wa hannu ta buga. Tana ta dariya, wai in fara neman rigar da zan sa ranar karɓar shaida.

Ka rubuto ko layi biyu ne. Tanadin nan shi kaɗai nake riƙe da shi.

Yayanka

*

Juma'a, 27 ga Yuli

Yaya,

Wasiƙunka biyu yau suka zo mini tare. Ruwa ne ya cinye gadar da ke ƙasan sansaninmu, kwana goma sha biyu ba motar da ta hau ko ta sauka. Fushi kuma daga ina? Zaman shago gaskiya ne, ban manta ba, kuma maganar guduma wasa nake yi. Muna lafiya. Don Allah ka ci abinci.

Ba wanda ka kashe ne ya hana ta tashi ba. Waɗannan shida ko ka kashe su ko ka bar su, ba su da hannu. Faifan ne ya mutu, kuma da ma yana hanya. Da kwafar ta gama da ya fi, amma ya wuce.

Ka kwantar da hankalinka. Ga tanadin. Akwai wata 'yar manhaja mai alamar gajimare da na saka. Tana tashi tare da kwamfuta, ba ta buɗe taga, ba ta magana. Duk abin da Sista ta rubuta a jakarta, ita kuma tana ɗauka a hankali tana kai shi wata ma'ajiya a intanet. Shi ya sa na ce wa Sista ta daina wahala da filash, tunda kullum cikin yar da su take. Ko da hannunka ya faɗa kanta a sharar ranar Alhamis ba komai, ai Sista ba ta ƙara ko harafi ba tun da ta tafi. Komai na can.

Asabar ta sama zan sauka gari. Lambar sirrin tana wurina, zan buɗe in sauke aikin in kira ka. Kai dai ka sa a saka sabon faifai. Kuma ka faɗa wa Sista, ai yanzu labarin ba shi da muni, faifai ya mutu aiki na nan.

Ƙanenka

*

Litinin, 30 ga Yuli

Injiniya,

Lafiya lau. Na gode da ba ka yi fushi ba. A tsaye nake rubutu, direba na jira.

Mai gajimaren nan. Fari ne, da 'yar kibiya a cikinsa tana kallon sama? In shi ne, to ka zauna.

Na ce maka bara na taɓa yin 'yar shara. Watan tara ne. Lokacin data ba ta kwana uku sai ta ƙare, kwamfuta kuma ta yi nauyi, Sista na ta tsaki tana cewa za ta makara aiki. Na ce bari in gwada. Na shiga jerin masu aiki, na ga wani yana ta jan intanet shi kaɗai ba tsayawa. Na bi shi shafin masu tashi, nan ma shi kaɗai aka rubuta wa mai yawa. Na zauna na yi masa kallon tsaf. Ba ya buɗe taga. Ba ya buga takarda. Ba ya fitar da sauti. Tunda aka kawo kwamfutar ban taɓa ganin abin da ya tsinana ba. Ƙanena, shekara ashirin da biyar ina riƙe da shago, kuma doka ɗaya ce ban taɓa karyawa ba: wanda ya fi kowa ci, ba a kuma ganin guminsa, shi ake fara sallama. Ban taɓa yin nadamar wannan ba a kan mutum. Sai na kashe shi a nan, na kore shi a can.

Washegari ta tashi kamar an yi mata allura. Data ta kai mako biyu. Sista ta dafa kafaɗata ta ce, "Ashe kai ma injiniya ne, muke ta jiran na duwatsu." Ban faɗa mata wanda na kora ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ni a raina ɓarawo na kama.

Da ka ce tanadi, wallahi ban kawo shi a raina ba. Na ɗauka wani abu ne babba, mai suna, a ɓoye can ciki inda hannun irina ba ya kaiwa. Ban san za ka ajiye shi a fili cikin 'yan kamasho ba. Ba laifinka nake gani ba. Faɗa kawai nake yi.

Yanzu ka amsa mini. Irinsu ba sa tashi da kansu bayan wani lokaci? Na ga mai sharar nan ko an kore ta tana dawowa. Ko in kwamfuta ta yi sabuntawar nan tata ba ta mayar da kowa bakin aiki? Ko wataƙila Sista ta lura ta kunna shi ban sani ba? Ka ce mini zai yiwu, ko da ba ka tabbata ba.

Ban faɗa mata ba tukuna. Me zan ce? Bari mu ji abin da za ka gani ranar Asabar.

Yayanka

*

Asabar, 4 ga Agusta
Daga gari

Yaya,

Ina fata kana lafiya. Sau uku na kira ka yau, tana shiga ba ka ɗauka ba. Na gane. Shi ya sa na rubuta, direba zai biyo da ita jibi.

Na buɗe ma'ajiyar. Abu na ƙarshe da ya shiga ranar sha tara ga Satumban bara ne. Akwai babi na ɗaya, da na biyu, da jadawalin mata hamsin da bakwai. Daga nan babu komai. Na duba kwandon shara, na duba tsofaffin kwafi, na fita na sake shiga kamar wanda bai san aikinsa ba. Bai tashi da kansa ba. Wanda aka kashe a wannan shafin ba ya tashi, ni na rubuta maka haka da hannuna.

Na tambayi wani abokin karatuna game da masu buɗe mataccen faifai. Akwai su a babban birni, amma ya ce layi ne, wata biyu zuwa uku, kuma ba sa alkawari. Ba zai kai mu ashirin da bakwai ba.

Ni ma da nawa. Ni na hana ta filash. Na saka abu ban nuna wa kowa a gidan ba, ban ce ga shi kada a taɓa ba, na tafi ina jin na yi dabara. Shekara biyu ban leƙa ko sau ɗaya ba.

Abin da ya rage shi ne takardu. In malaminta a takarda yake karɓar babi, to akwai waɗanda ta buga. Takardun tambayoyin matan ma in suna nan, ana iya sake shigar da su. Aiki ne na kwanaki, kuma kwanakin ne babu. Na sauke abin da na samu a filash, yana cikin ambulan ɗin nan.

Na fito da lambar Sista na daɗe ina kallo. Ban kira ba, don ba daga bakina ya kamata ta ji ba. Yaya, ka kira ta ranar da wannan ta same ka. Kada ka jira ta dawo.

Ƙanenka

*

Laraba, 29 ga Agusta
Daga shago

Ƙanena,

Gaisuwa. Muna nan da rai da lafiya. Yau na buɗe shago bayan kwana ashirin. Ka yi haƙuri da shirun, wannan karon ba gada ba ce.

Wasiƙarka ta zo ranar shida. Ban kira ta ba. Na ce saura kwana biyu, gara ta ji a zaune a ɗakinta da ta ji a tsakiyar marasa lafiya. Haka na faɗa wa kaina. Ranar takwas ta shigo, ko jaka ba ta ajiye ba ta nufi tebur ta ɗaga zanen. Na faɗa mata a tsaye, tun daga ƙwallo har gajimare, ban rage ba. Na shirya wa ihu. Ba ta yi ba. Ta zauna a bakin kujera ta ce, "Sauko mini da kwalayen kan kabad."

Takardun matan suna nan duka, ɗari huɗu da goma sha biyu, kowacce tambaya sittin. Babi uku na farko ma akwai su a buge, da jan biron malaminta. Na huɗu da na biyar ne ba ta taɓa bugawa ba, su ne kuma aikin. Ta aro ƙaramar kwamfuta wurin abokiyar aikinta. Na rufe shago. Ni ke karanta lambobi, ita ke shigarwa, da safe kafin ta tafi asibiti da kuma in ta dawo, don hutu sun ce ta riga ta cinye nata. In tana wurin aiki ni nake jera takardu ina sa musu lamba. Shekara arba'in da biyu, awo ɗari da sittin a kan casa'in da biyar, tana shan magani, a'a. Har yanzu in na rufe ido su nake ji. Wasu matan na san su, a layinmu suke.

Ranar ashirin da ɗaya muka gama shigarwa. Mai yi mata lissafin alƙaluma ya ce shi ma da layi a gabansa, ya ba ta ranar ashirin da biyar. Kwana biyu suka rage wa babi biyu. Ta rubuta rabin na huɗu.

Ranar Litinin, ashirin da bakwai, ta yi wanka ta sa kayanta masu kyau, na kai ta makarantar na jira a mota. Awa biyu. Ta ce malamin ya juya shafukan ya ce da da kwana goma a gaba da shi da kansa zai tsaya mata. Ya hau sama wurin manyan makarantar ya roƙa. Suka ce sun riga sun rubuta mata tun farkon shekara, kuma labarin faifai ya mutu kowace shekara suna jin sa. An cire sunanta.

Muka dawo muka tsaya a ƙofar gida. Na kashe mota, na fara ba ta haƙuri a kan gajimaren. Ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Wannan bar shi. Ba ka sani ba, ni ma ban sani ba, har yaba maka na yi. Ran nawa kwamfutar ta mutu?" Na ce sha biyu ga Yuli. Ta ƙirga a yatsunta a hankali, ina kallo. Ta ce, "Kwana ashirin da bakwai. Kullum muna waya. Can ƙarfe biyu nake tashi aiki, in zauna ina kallon bango har yamma. Da ka aiko mini kwalayen nan a mota, da na gama har na huta. Kwana goma kawai nake nema."

Ta buɗe ƙofa ta shiga gida. Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Tana gaishe ni da safe, tana tambayar gwiwata, jiya ma ita ta tuna mini in buɗe shago. Na fi son ta zage ni.

Ba tambaya a wannan wasiƙar, ƙanena, ba abin da za ka duba mini. Mutum ne kawai nake nema in faɗa wa. Ni da nake sayar wa direba taya a tsakiyar faɗa ya tafi yana godiya, na zauna a motar nan har rana ta juya, ban sami kalma ɗaya da zan bi ta da ita ba. Har yau ban samu ba.

Allah ya tsare ka a duwatsun nan.

Yayanka,
Mai Taya